A Ɗakin Madam Bese, Kaka Ce Ke Riƙe Jika

Kula ƙarama mai shuɗin murfi. Ƙanƙara huɗu a cikin leda. Kwalaben jini bakwai, kowacce da suna a jikinta. Takardun likita a jakar roba. Jiƙaƙƙen tawul. Lema. Ƙullin gyaɗa.

Iyakar kayan Madam Nguavese Terkula ke nan ranar da na bi ta zuwa Kano. Sai da muka wuce Azare ta yi mini magana ta biyu. Ta farkon a tashar Potiskum ce, da ta ce in matsa. Ta biyun kuma ta ce in cire hulata in tare hasken taga, rana na dukan kular. Na cire. Kwalba ta uku jinin 'yata ne.

Babaji direba ya hango ni ta madubi ya yi dariya. Ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗaukar ta, sau biyu a wata, bai taɓa ganin kular nan ta shiga but ɗin mota ba. A cinya take tafiya. Ya ce akwai ranar da taya ta fashe musu kusa da Shuwarin, kowa ya nemi inuwa, ita kuwa ta buɗe lemar ta rufe kula, ta bar kanta a rana har aka gama canji. Wani fasinja ya rantse gwal ne a ciki. Madam ta ce wa Babaji ya kalli hanya.

Ga wanda bai san ta ba: Madam Nguavese mutuniyar Gboko ce. Ta zo garin nan tana amarya, tare da mijinta Malam Wilfred, malamin lissafi. Ita ke kula da ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a unguwar Hausari. Harshen mutanenmu ya kasa sunanta, aka gajarta shi ya koma Madam Bese, ita ma ta karɓa. Ƙarshen watan nan take cika shekara talatin da biyar a bakin aiki, za ta yi ritaya. Ba a taɓa sa hotonta a jarida ba. Ban ga dalilin da za ta tafi haka ba.

Ƙarfe bakwai take buɗe ƙofa. Da kanta take share ɗakin. Takan fara da firij, ta duba ma'aunin sanyi, sannan ta ɗora tafin hannunta a ciki, don ta ce ma'auni ya taɓa yi mata ƙarya. Ta jera auduga da sirinji. Ta rubuta sunan mutum a kwalba yana kallo, ta karanta masa ya amsa, sannan ta taɓa hannunsa. Idan babu wuta tana da tsohon injin juya jini na hannu, ta zauna ta yi ta murzawa. Gwajin da ɗakinta ba shi da injinsa kuwa, shi take tarawa ta kai Kano ranar Talata, ta dawo a ranar. Babu wanda ya ɗora mata wannan tafiyar. Da can a hannun direbobi ake ba da saƙon. Wata rana jinin mutum biyar ya lalace a hanya, aka sake tsira wa jarirai biyu allura. Tun daga ranar take zuwa da ƙafarta.

Ga yadda na san ta.

Na yi shekara tara a Malesiya ina karatu. Na dawo, na auri Basira, Allah ya ba mu Amatullah. Muna zaune gida ɗaya da mahaifiyata, wadda kowa ke ce wa Gogo, har ni. Mun shigo gari tun ina ƙarami, amma shanunmu na nan a hannun kawu Bubayaro ta wajen Ngojin, kuma kullum da safe madara na isowa a kan babur. Shekara arba'in Gogo tana yin kindirmo da man shanu. Da su ta raine mu, da su aka san ta.

Da Amatullah ta cika wata shida aka fara mata kunu. Basira na koyarwa da safe, don haka Gogo ce ke damawa, kuma ba ta san kunun yaro da babu madara ba. Cokali uku, leɓen yarinyar ya kumbura. Jiki ya yi ruɗu-ruɗu, amai ya biyo. Kwana biyu aka sake, aka ga haka. Kumatunta suka yi ja suka fara tsagewa, wuya da bayan gwiwa duk ƙuraje. Ba ta barci, ba ta bari a yi. A wata na bakwai sikelin asibiti ya nuna ta koma baya.

Na duba waya, na yanke hukunci, na je na faɗa wa Gogo a gaban baƙinta cewa madararta ce ke cutar da yarinyar. Rabin maganar da Turanci na yi ta. Ta daina sa madara a kunu, ta kuma daina yi mini magana sai gaisuwa. Aman ya ragu, amma ƙurajen suka ƙaru, leɓen kuma lokaci lokaci yana tashi. Gogo ta ce wa Basira, yadda zan ji, ai ga shi an daina madara, sai mai karatu ya nemo wani mai laifin. Likita ya rubuta gwajin jini.

Muka je ni da Basira da yarinyar. Madam ta karɓi takarda ta karanta. Ba ta ɗauki sirinji ba. Ta tambayi wa ke yi wa yarinyar wanka, wa ke ba ta abinci idan uwar ta fita. Muka ce kakarta.

"To ku koma ku zo da ita," in ji ta.

Na ce ni ne uban, kuma na fahimci gwajin sarai. Ta ce ta ga alama, amma ba ni ke dama kunun ba. Ta kira na gaba.

A baranda Hansatu, nas ɗin da ta daɗe tana aiki tare da Madam, ta ce kada in ɓata rai, dokar ta girme ni a asibitin. Ta ce shekarun baya an taɓa kawo wani yaro daga Fika, aka yi gwaji, aka ba uban takarda da bayani. Ya naɗe ya sa a aljihu. Sau uku ana dawo da yaron fuska a kumbure, na ukun da ƙyar yake numfashi. Ashe kakar da ke ciyar da shi ba wanda ya yi mata bayani, kuma uban ba zai iya duban idonta ya ce ta daina ba. Yaron ya rayu. Amma daga nan Madam ta ce duk jaririn da za a gwada kan abinci, wadda ke riƙe da ludayi ita za ta riƙe shi, ita kuma za a ba sakamako.

Basira ce ta lallashi Gogo. Ta zo washegari cikin zaninta na fita unguwa, fuska a ɗaure. Madam ta tashi tsaye ta gaishe ta da Fulatanci, Fulatancin da ya sa Gogo ta kusa murmushi. Ta tambaye ta shanu, ta tambaye ta ciyawar bana, ta tambaye ta ko gaskiya ne madarar damina ta fi ta rani mai. Minti goma ba a ambaci ciwo ba. Ina tsaye ina duba agogo.

Sannan ta ɗora Amatullah a cinyar Gogo, ta sunkuya neman jijiya. Sai ta dakata. Ta kai hancinta wuyan yarinyar, ta kai kumatu.

"Gogo, man nan na hannunki ne? Ƙamshinsa ba na kasuwa ba ne."

Gogo ta gyara zama. Ta ce nata ne mana, wa zai shafa wa jikarsa na kasuwa. Safe da yamma take shafa mata a ƙurajen, idan sun yi yawa ta ƙara. Takan kuma lakato kaɗan a yatsa ta sa mata a baki don maƙogwaro ya yi laushi. Haka aka yi mata, haka ta yi mana mu bakwai. An ce ta daina madara, ta daina. Man shanu kuwa ai magani ne.

Na buɗe baki. Madam ba ta dube ni ba, ta dai ɗaga yatsa ɗaya ta gefena, na rufe. Ta ce wa Gogo man ya yi kyau, ita ma idan da rabo tana so a miyarta. Sannan ta ce tana roƙon alfarma: a ajiye shi mako biyu kacal, har takarda ta dawo daga Kano. Kafin nan a shafa man kaɗanya, likita ya yarda da shi. Ta ce ita ba ta ce komai ba tukuna, jini ne zai yi magana, kuma ba ta son a rikita masa shaida.

Gogo ta ce mako biyu ba yawa.

Ta rungume yarinyar, ta kama hannun yadda aka nuna mata, tana yi mata irin sautin da take yi wa 'yan maruƙa. Tsira ɗaya. Kafin kukan ya yi ƙarfi an gama. Madam ta rubuta suna, ta karanta, Gogo ta amsa. Maimakon ta sallame mu, sai ta ce Gogo ta zo ta ga inda jinin jikarta zai shiga. Babu wuta ranar. Da jinin ya kwanta ta sa kwalbar a injin hannu ta yi ta murzawa, ta fito da ita: ja a ƙasa, ruwa mai kalar ɗorawa a sama. Ta ce na saman ne ke zuwa Kano.

Gogo ta daɗe tana kallon kwalbar. Ta ce, "Ashe ke ma kaɗawa kike yi."

"Shekara talatin da ɗoriya," in ji Madam. "Amma ni ba a saya."

Ranar na fara jin dariyar Gogo bayan wata guda.

Na bi ta Kano ne don ban yarda jini zai yi tafiyar awa biyar a motar haya ya isa lafiya ba. Na faɗa mata haka a hanyar dawowa. Ta miƙo mini gyaɗa. A can Kano ba ta miƙa kular ta juya ba. Ta tsaya aka fito da kwalaben ɗaya ɗaya, aka rubuta, ta gwada kowane suna da takardarsa, ta gyara musu harafi a sunan wani yaro. Ƙanƙarar ko rabi ba ta narke ba.

Bayan kwana goma sakamako ya zo. Madam ta aika a kira Gogo. Ni rakiya na yi. Kafin ma mu shiga kowa ya ga kumatun Amatullah sun fara bushewa. Madam ta ce ita ba likita ba ce, ta kai mu wurinsa, ta zauna gefen Gogo tana mayar da maganarsa yadda za ta shiga. Ta ce a jinin kowane mutum akwai masu gadi. Na yarinyar nan sun ɗauki wani abu da ke cikin madarar shanu, wanda ake kira furotin, a matsayin ɓarawo. Da ya shigo, ko ta baki ko ta tsagaggiyar fata, sai su tashi da faɗa, kuma faɗan ne kumburin da aman. Gwajin ya ƙirga masu gadin ne, ya same su da yawa. Abin yana cikin kindirmo, yana cikin cuku, ɗan kaɗan yana saura a man shanu. Madarar ba ta lalace ba. Saniyar lafiyarta ƙalau. Ba baki ba ne, ba hannun kowa ba ne.

Ta ƙara da abin da ban karanta a waya ba. Ta ce takarda ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Akwai yaron da lambarsa ke sama yana shan madara lafiya, akwai wanda takardarsa fes yana wahala. Sai an haɗa da abin da ido ya gani. Likita ya juya ga Gogo ya tambaye ta. Ta ba shi labari tiryan-tiryan: cokali nawa, bayan wane lokaci leɓe ya tashi, wane gefe ya fara. Ya rubuta duka. Ni da aka tambaye ni, ban san ko ɗaya ba.

Gogo ta tambayi madarar akuya. Aka ce a'a, 'yan uwan juna ne, masu gadin ba sa bambancewa. Sannan Gogo ta faɗi abin da ke cin ta. Ta ce jikar Bafulatana, a ce madara ta ƙi ta.

"Yawancin yara suna wuce shi, Gogo," in ji Madam. "Masu gadin kan huce da kansu. Amma ba a yi musu dole. Bayan shekara ki kawo ta mu sake tambayar su."

Daga ranar aka samu soja a gidanmu. Gogo ta ware tukunya da kofi, ta ɗaura jan zare a cokalin Amatullah. Idan ta gama kaɗa mai sai ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta canza zani, sannan ta ɗauki yarinyar. Biskit ba ya shiga bakinta sai an kira ni na karanta bayan leda da ƙarfi, kuma a nan ne, in ji Gogo, karatun Malesiya ya fara amfani. Wata baƙuwa ta miƙa wa yarinyar yogot, Gogo ta kama hannunta a sama. Mako uku fata ta warke. Wata biyu sikeli ya juyo. Ta yi rarrafe, ta tashi, yanzu sai an bi ta da gudu. Kunun gyaɗa da wake da ƙwai sun yi mata kumatun da maƙwabta ke tsokana.

Gogo ta koma kai mutane da kanta. Ta ja maƙwabciyarmu Fanne da jikanta mai ƙuraje, tana da tabbacin ciwo ɗaya ne. Jini ya je Kano ya dawo babu komai, likita ya gano ƙazuwa ce. Madam ta ce wa Fanne ta je ta ba shi madararsa, kada ta hana yaro abinci a banza. Fanne na ba da labarin nan har yau, ta ce matar ba ta ƙara wa ciwo gishiri.

Madam Bese, ba ki son dogon yabo, ni ma ban iya shi ba. Ke ce kika ga abin da ni da na haifi yarinyar ban gani ba, kuma da hanci kika gano shi. Ke ce kika gaya wa tsohuwa gaskiya mai ɗaci ba tare da kin zubar mata da aikin shekara arba'in ba. A shekarun da garin nan ya rikice, da mutane da yawa suka kwashe kaya, Hansatu ta shaida ɗakinki bai yi kwana uku a rufe ba. Kika ce masu ciwon suga ba su gudu ba, jarirai ma ba su gudu ba. Mai kula a cinya. Iyakar kirarin da zan yi miki ke nan, kuma Babaji ne ya ba ni shi.

Ranar Alhamis aka yi mata ƙwarya-ƙwaryar walima a harabar asibitin. Benci shida, lemo, shinkafa. Kakanni sun fi kowa yawa, wasu da jikokin da suka fi su tsawo. Aka ce ta yi jawabi, ta ce a riƙa duba firij da hannu, ta zauna. Gogo ta kai mata kwalbar man shanu cike, ta ce na miya ne, kada ta kuskura ta shafa wa kowa. Malam Wilfred ya yi dariya har da riƙe ciki.

Mun gode, Madam. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ki ga jikokin jikokinki. Ga matasan da za su gaji ɗakin nan, injin da za a kawo muku zai fi nata. Ku dai tambayi wa ke dama kunun, ku aika a kira ta, ku ba ta kujera. Ga ire-irena da suka dawo da takardu, mu koyi yadda ake faɗar abu a ji.

Tafiyarta ta ƙarshe zuwa Kano da jinin Amatullah ta yi ta, karo na biyu. Gogo ce ta riƙe. Sakamakon ya zo makon jiya: lambar ta faɗo ƙasa sosai. Likita ya sa rana nan da mako uku. Za a ba Amatullah madara 'yar kaɗan a asibiti, a gabansa, da magani a kusa, a zauna a ga abin da jiki zai ce. Lokacin Madam ta bar aiki, amma ta ce Gboko ba za ta gudu ba, za ta zo ta zauna.

Ranar da sakamakon ya zo, da muka koma gida da la'asar, ɗakin da Gogo ke ajiye ƙorenta a buɗe yake, sabon kindirmo ya kwanta. Amatullah ta tsaya a bakin ƙofa tana nunawa. Murna ta ɗebe ni. Na ce lambar nan ai kusan babu ce, bakin cokali ba zai yi komai ba, ko don Gogo ta ga ranar da ta daɗe tana jira.

Gogo ta dubi ƙwaryar. Ta dubi yarinyar, ta daɗe. Sannan ta ɗauke ta ta miƙa wa Basira, ta ja ƙofar ta rufe, ta sa kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

"Cokalin farko ni zan ba ta," ta ce. "A asibiti, Madam na zaune. Kafin ranar, ko kai ba ka shiga ɗakin nan."